Tukunyar Salansar Doña Otilia

Baldomero mai gyaran salansa ya ɗaga sifana ya ƙwanƙwasa ƙarƙashin motar, sai ƙarfen ya amsa kamar gwangwanin da aka shanye madararsa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Sannan ya leƙo daga ramin garejin ya ce wa Doña Otilia Barragán ta sunkuyo ta gani da idonta.

Ba ta da niyyar sunkuyawa. Tun da sassafe take bin layi a wurin gwajin hayaƙin motoci na unguwar Iztapalapa, kuma da aka zo kanta, ma'aikacin bai ko kalli fuskarta ba ya ce motar ta faɗi, hayaƙinta ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Daga can ta taho nan kai tsaye, ko karyawa ba ta yi ba. Amma Baldomero ya riga ya kwance notin, ya sauko da tukunyar da ke tsakiyar salansa, wadda aikinta tace hayaƙi kafin ya fita. Ya ɗaga ta saitin rana. Otilia ta leƙa ta baki ɗaya, ta hango gidan da ke tsallaken titi ta ɗaya bakin.

"Ƙwanso ne, Mama," in ji shi. "An yi miki musanya."

Ya ce ta gaskiya cikinta cike yake da wani abu kamar saƙar zuma, shi ne ke da ƙarfe mai tsada da ɓarayi ke bi. Wannan kuwa ba ma ta irin motarta ba ce, ta wata ce aka yi wa baki da walda har ta zauna daidai. Abin da ya ba shi mamaki shi ne notin. Motar da ta haura shekara ashirin, sai an sha fama da tsatsa, wani lokaci sai da wuta. Waɗannan kuwa sun sha giris, da yatsa biyu ma suna juyawa. Otilia ta ji, amma hankalinta na kan wani abu dabam. Ta tambaye shi inda za ta sami sabuwa. Baldomero ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a.

Motar wata tsohuwar ƙaramar bas ce, ƙirar kamfanin da ya daɗe da tattara nasa ya bar ƙasar. Ba kyau gare ta ba, amma ƙofarta ta gefe tana da faɗin da keken mijinta Nicanor ke shiga ba tare da an naɗe shi ba. Da ita take kai shi wankin ƙoda can arewacin birni, yau a je gobe a huta. Masu tasi suna hango keken suke ƙara wuta. Jirgin ƙasa kuwa, da matakalansa da turereniyarsa, ba zancen da za a yi ba ne. In wa'adin da ake ɗibar wa lambar motarta duk wata shida ya ƙare ba ta sami sitikar gwaji ba, duk ɗan sandan da ya tare ta yana da ikon ja mata motar.

Da yamma ta kai motar filin ajiye motoci inda motar ke kwana, na Don Filemón Arriaga. Shi ya riƙe 'yar Otilia a coci ranar baftisma, don haka comadre yake ce mata, ita kuma compadre. Abokin Nicanor ne tun suna samari, kuma duk Lahadi yana gidansu da ledar burodi mai zaƙi da akwatin wasan domino. Da ta gaya masa, fuskarsa ta canza.

"Gwaji kika je? Yau? Haba comadre, ai wata bai ko yi nisa ba. Me ya hana ki gaya min?"

Ta ce an sa wa Nicanor ranar wata 'yar tiyata a hannu a ƙarshen wa'adin, shi ya sa ta ce bari ta rage wannan tun da wuri, ga shi ta rage wa kanta kwanciyar hankali. Filemón ya zagi ɓarayi, ya zagi gwamnati, ya yi alkawarin tambaya mata a wurin mutanensa.

A gida Nicanor ya saurare ta daga kujerarsa. Ya yi shekaru yana aikin ƙarfe a masana'anta kafin ƙoda ta zaunar da shi. Ya ce lokacin da satar tukwanen salansa ta fara yawa a unguwa, ya taɓa shiga ƙarƙashin motar ya buga lambarta da ƙusa a saman tukunyar, gefen da ke kallon cikin mota, inda ido ba ya kaiwa. In ta ci karo da irinta a kasuwa, ta juya ta duba.

Otilia ta yi aikin ladabtar da ɗalibai a makarantar sakandare har ta yi ritaya, kuma ta saba fara bincike da tambaya ɗaya: wa ya taɓa abin? Wata shida da suka wuce motar ta ci gwaji. Daga lokacin zuwa yau mutum biyu ne suka ɗauke ta daga idonta. Surukinta Ulises ya ara ya kai iyalinsa Veracruz a hutun Ista. Bakanike Maestro Gaudencio kuma ya riƙe ta kwana biyu yana canza birki.

Da Ulises ta fara, don dama ba ya cikin mutanen da take shiri da su, kuma ya dawo daga Veracruz da sabuwar waya. Ta same shi yana wanke babur a ƙofar gida. Ba ta zarge shi ba. Ta ce kawai ya zo ya nuna mata inda tukunyar salansa take, don ita ba ta gane ba. Ulises ya durƙusa da ƙwarin gwiwa, ya leƙa, ya nuna mata tankin mai.

"Ka tabbata?"

"Mama, ni fa na san mota."

Ta tambaye shi ko ya tsaya a wani gareji a hanya. Ya ce sau ɗaya, don sa iska a taya. Ya ƙara da cewa tunda ta tayar da zancen, motar nan ta kusa kashe masa yara da wari, tun kafin su fita daga birni suke tari, a buɗe suka bar gilas har bakin teku. Wayar kuma 'yarta ce ta saya masa. Kafin Otilia ta isa gida 'yar ta kira ta tana kuka, wai an mayar mata da miji ɓarawo. Otilia ta ce ɓarawo ai sai ya san abin da zai sata, ta kashe wayar.

Tsakanin wannan da Gaudencio ta shiga neman kayan. Dilan da ya gaji sauran kayan kamfanin ya ce sai an yi oda daga ƙetare, zai iya kaiwa bayan Kirsimeti, in ma akwai. Masu sayar da tukwanen da ke shiga kowace mota sun auna, suka ce bakin motarta mai noti uku ne a karkace, kuma ramin na'urar auna iska yana wani wuri da babu mai hankalin da zai sa shi. A unguwar Buenos Aires, inda kowa ya san daga ina kayan mota ke fitowa, samari suka yi mata caa tun kafin ta kashe inji. Kowa yana da ita. Kowa sai ya ce ta jira shi minti biyar. Ɗaya ya dawo da ta motar ɗaukar kaya. Wani ya dawo da tukunyar da aka cusa wa sosan ƙarfe na wanke-wanke aka fesa mata fenti. Wani bai dawo ba sam, kuma da ta koma wurin motarta ta tarar madubin gefe ɗaya ya yi tafiya. A layi na gaba aka sayar mata da madubi mai kama da shi ƙwarai, har da tsagar da ke kusurwarsa.

Ta bi 'yan gwangwan na titin Ermita ɗaya bayan ɗaya, tana tsallake karnuka da kududdufin baƙin mai. Duk tukunyar da aka miƙo mata sai ta juya ta, ta tofa yawu a yatsa ta murza samanta. Babu lamba. Wani dattijo a can ya ce mata ya shekara bai ga irin motar nan an kawo yanka ba, masu ita ba sa sakinta, sun fi son su mutu a ciki. Ya ce ta dawo Alhamis, ɗan'uwansa na Puebla zai duba. Ta dawo Alhamis. Ya ce wace Alhamis ya ce mata?

Gaudencio ta same shi a ƙarƙashin wata tasi, ƙafafunsa kawai ke waje. Da ƙafafun ta yi magana. Ya ce birki aka kawo masa, birki ya taɓa, kuma in da shi ɓarawon tukunya ne da bai ƙare a garejin da rufinsa ke yoyo ba. Sai ya turo kansa waje ya dube ta.

"Amma Doña, ke ba ki san fanko ba ce? Ai tun bara take haka."

"Wace bara?"

"Da na canza miki kuloci. Sai da na sauke salansa kafin na kai ga giya. Na ɗaga ta na ji ba nauyi. Na ce to, Doña Otilia ma ta shiga sahun masu ba da na goro a wurin gwaji. Ba ruwana, na mayar."

Ta tambaye shi notin fa. Ya ce lafiya lau, sun sha giris, har ya yaba wa wanda ke kula da su.

Otilia ta fito tana lissafi. Kuloci tun kafin gwajin da ya wuce aka canza shi. Ke nan fanko na kan motar, sannan motar ta je ta ci gwaji, kuma ita ta san ko sisi ba ta ba kowa ba. Ko dai Gaudencio ƙarya yake don ya wanke kansa, ko kuwa tukunyar tana da ƙafa. Da ta faɗa wa Nicanor, sai ya ce shi da ke zama a baya ya daɗe da lura da wani abu. Warin hayaƙin nan da ke sa shi amai in sun taso daga asibiti, duk lokacin da gwaji ya matso sai ya ɗauke, ya yi 'yan kwanaki babu, sannan ya dawo. Ya ce ya ɗauka motar ce ke tsoron jarrabawa.

Ba ta yi dariya ba. Washegari a kan titin Tlalpan, tana tsaye a danja, sai ga irin motarta sak a layin gefe, fara, an zana kek a jikinta, da sitikar gwaji tana ƙyalli a gilas. Otilia ta bi ta. Ta bi ta ta cikin cunkoso tana danna oda, har mutumin ya tsorata ya faka a gaban wani kantin magani ya fito da hannu a sama. Sunansa Teófilo, kek yake kai wa gidajen biki. Da ya gane ba fashi ba ne, sai ya rage murya ya ce ita kaɗai ce mai irin motar nan da ba ta san hanya ba. Ba a saye, haya ake yi. Akwai wani mai tukunya ɗaya tal ta asali. Saƙo ake tura masa a waya, ba ya ɗaga kira. Ka kai motarka wani gareji a Tláhuac da safe, a ɗaura maka, ka je ka ci gwaji, ka dawo a cire kafin la'asar. Shi bai taɓa ganin mai ita ba. Ya ce abin da ya sani kawai, akwai ƙarshen wata biyu a shekara da ba a samunta ko nawa za ka biya. Ta tambaye shi waɗanne. Da ya faɗa, sai ta jingina da motarsa. Ƙarshen wa'adin lambarta ne, duka biyun.

Ranar nan da yamma Filemón ya tare ta a bakin fili da fara'a. Ya ce ya sha wuya amma ya samo mata mafita: akwai wani mai ba da haya, kuma saboda shi za a rage mata. Ba sai ta je ko'ina ba, shi zai karɓo ya ɗaura mata a ramin da ke bayan filin, inda yake yi wa masu ajiya canjin mai. Otilia ta yi godiya, ta ce Alhamis da safe.

Daga nan ta kira Teófilo. Ta ce ya tura wa mai hayar saƙo, ya ce wani ɗan'uwansa na cikin matsi, Alhamis da safe yake so, kuma zai ninka. Ko awa ba a yi ba aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Filemón ne, hula a hannu, wai an sami ɗan tangarɗa, mutumin ya ce Alhamis ba za ta yiwu ba, ko za ta yi haƙuri zuwa Juma'a. Ta ce babu komai, compadre, Juma'ar ma rana ce.

Juma'a da hantsi ta shigo filin tana tura keken Nicanor, Baldomero na biye da su da injin waldarsa a kafaɗa. Filemón ya riga ya ja motar kan rami, ga wani abu a naɗe cikin buhu a gefe. Ya ce ai da ba su wahalar da kansu ba, aikin minti goma ne. Otilia ta ce ta sani. Ta buɗe buhun, ta juya tukunyar, ta murza samanta da gefen mayafinta, ta ɗora ta a cinyar mijinta. Nicanor ya sa tabarau. Ya bi lambobin da yatsa, ya karanta su a fili.

Filemón ya ce ikon Allah, ashe mutumin nan ɓarawo ne, bari ya kira shi yanzu.

"Zauna, compadre," in ji Otilia. "Ɓarawon titi da zarto yake zuwa, ya yanke ya gudu. Ba ya ƙera wa mutum fanko, ba ya shafa wa noti giris. Mai shafa giris yana da niyyar dawowa ne. Ulises sau ɗaya ya riƙe motar nan, kuma bai san tukunya da tanki ba. Gaudencio ya tarar da fanko tun bara, amma bayan haka na ci gwaji. Ke nan abin fita yake yana dawowa. Sai mai makulli, mai rami, mai motar a hannunsa kullum. Kuma sai wanda ya san ranar da zan je. Duk wata shida wa ke tambayata, comadre yaushe za ki gwaji, in wanke miki ita? Da na ce wa mutane na faɗi, kowa cewa ya yi me ya lalace. Kai kaɗai ka ce me ya hana in gaya maka."

Filemón ya dubi Baldomero, ya dubi ƙofa. Sai kuma ransa ya ɓaci, kamar shi aka cuta.

"To ai ina mayar miki. Ko sau ɗaya kin taɓa faɗuwa? Shekara biyu ban taɓa saɓa miki ba. Ke ce kika tashi kika tafi ba shawara. Abu na kwance a ƙarƙashin mota ba ya yi wa kowa komai, mutane na can suna neman taimako."

Nicanor ne ya yi magana, a hankali, don ba shi da ƙarfin ɗaga murya.

"Filemón, kai kake riƙe min roba ranar Lahadi in ina amai. Na ce maka warin motar ne. Ka ce min magani ne."

Filemón ya juya hularsa a hannu, ya fara cewa wani abu game da harajin fili da tsadar rayuwa, ya bari a tsakiya. Nicanor ya miƙa wa Baldomero tukunyar, ya ce wa matarsa ta juya masa keken ya kalli titi.

Baldomero ya ɗaura ta, ya ɗaure notin, sannan ya bi su da walda har suka zama ƙarfe ɗaya. Kafin azahar motar ta ci gwaji. Ma'aikacin da ya kayar da ita shi ya liƙa mata sitika, wannan karon ma bai kalli fuskarta ba.

Ta so kai ƙara. Nicanor ya ce ba zai iya zaman benci a ofishin 'yan sanda ba, kuma ba ya son 'yarsu ta ga ubanta na baftisma da ankwa. Don haka Otilia ta je ta zauna da matar Filemón a kicin, ta ba ta labarin daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba. Maƙwabta sun ce kwana da kwanaki Filemón yana kwana a rumfar filin. Motar kuma ta koma wani fili mai nisa da tsada, wanda sai Otilia ta yi tafiyar ƙafa kafin ta ɗauko ta. Ranar Lahadi Nicanor ya ce kada a fito da teburin domino. Ya zauna a bakin taga har rana ta faɗi.

Bayan mako biyu aka danna ƙararrawa. Teófilo ne, riƙe da kek mai hawa biyu, bayansa wasu maza uku da wata mata, kowa ya faka irin motarta a bakin titi. Ya gaishe ta, ya tambayi jikin maigida. Ya ce su dai ba su ji daɗin abin da ya faru ba. Sai dai wa'adinsa wata mai zuwa ne, na wannan baiwar Allah kuma saura kwana kaɗan, kuma a duk birnin nan tukunya ɗaya ce.

"An yi mata walda," in ji Otilia.

"Mun ji, Mama. Shi ya sa muka yi shawara a tsakaninmu. Ai salansar gaba ɗayanta tana kwancewa."

Otilia ta dube shi, ta dubi sauran. Ta karɓi kek ɗin da hannu biyu, ta tura ƙofar da ƙafa.